Dattawa sun ce ba a dariya a ɗakin Allah: ta ina za mu ɓullo wa taron matasa?

Shugaban Matasa, Garwa

Salama a gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Almasihu. Kwamitin matasan majami'armu a nan Garwa yana shirya taron yamma ranar Asabar ta bayan Ista, jigon kuwa farin ciki cikin Ubangiji. Ana sa ran matasa wajen sittin, daga 'yan shekara 13 zuwa 25. Wasu Hausa suka fi ji, wasu Fillanci, 'yan makaranta kuma Faransanci. Nufinmu a nuna musu wuraren da Littafi Mai Tsarki da kansa yake da raha, a karanta, a ɗan yi wasan kwaikwayo a kai.

To, dattawa biyu sun ɗaga mana Afisawa 5:4, inda Bulus ya hana zancen batsa da maganar wauta da alfasha, sun ce ɗakin Allah ba dandali ba ne. Ba ma son mu yi gaban kanmu. Don Allah masu sani su taimaka: waɗanne wurare ne suke da ban dariya na ainihi, ba wanda mu za mu ƙaƙaba musu ba? Yaya ake gabatar da su har kada abin ya zama reni? Me kuma za a faɗa wa dattawan nan?

Tsohon Malamin Baibul, Kayele

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Abu na farko da zan ce maka: kada ku je neman barkwanci a waje ku kawo ku manna wa Nassi. Rahar tana ciki tun asali. Abin da ke kashe ta shi ne irin karatun da muka saba, murya ɗaya daga farko har ƙarshe, kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Aikinku kawai ku daina danne ta.

Fara da Ishaku, don sunan nan a Ibrananci ma'anarsa "ya yi dariya". A Farawa 17:17 Ibrahim ya faɗi rubda ciki ya yi dariya da jin cewa mai shekara ɗari zai haihu da mai shekara tasa'in. A 18:12 Saratu tana laɓe a ƙofar alfarwa, ita ma ta yi tata a ciki. Da aka tambaya ta ce ba ta yi ba, aka ce mata a'a, kin yi. Sai 21:6, inda ta ce Allah ya sa ta dariya, duk wanda ya ji kuma zai yi dariya tare da ita. Ka haɗa wuraren nan uku a karanta a jere, minti huɗu ya isa. Matasa za su ga yadda dariyar shakka ta juye ta zama ta murna, kuma Allah ne da kansa ya raɗa wa yaron sunan.

Sai jakar Bal'amu, Littafin Ƙidaya 22:21-35. (Ka fara cewa macen jaki, in ba haka ba yaran Garwa za su ɗauka jakar kuɗi ake nufi.) Ga mutumin da sarki ya aika a ɗauko da lada don an ce mai gani ne, amma sau uku dabbarsa tana ganin mala'ika shi bai gani ba: ta ratse cikin gona, ta matse masa ƙafa da bango, ta kwanta a ƙarƙashinsa. Da ta buɗe baki ta yi magana, bai ko yi mamaki ba, sai ya shiga gardama da ita, har ya ce da akwai takobi a hannunsa da ya kashe ta, alhali ga mai takobi zare tsaye a gabansa. Ta tambaye shi ko ta taɓa yi masa haka. Amsarsa kalma ɗaya ce: a'a. Mai karatu ya dakata kafin wannan "a'a", ya faɗe ta a hankali kamar wanda aka kayar a gaban alƙali. Nan dariyar take. In ya wuce da gudu, ta tafi.

Haruna ma yana nan, Fitowa 32:24. Musa ya tambaye shi yadda aka yi, ya ce an ba shi zinariya, ya jefa a wuta, sai ga maraƙi ya fito. A aya ta 4 kuwa an riga an faɗa mana shi ya ƙera shi da hannunsa. Karanta aya ta 4 tukuna, sannan ta 24. Duk yaron da ya taɓa fasa tulu ya ce shi ya faɗi da kansa zai gane kansa.

A Sabon Alkawari, yawancin rahar Yesu kambamawa ce, wato a zuzuta abu har ya fi ƙarfin hankali don gaskiyar ta zauna. Mai gungume a idonsa yana lallaɓa ɗan'uwansa wai zai cire masa ɗan haki (Matiyu 7:3-5), abin da Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai tace ƙwaro da rariya kada ya sha ƙazanta, sannan ya haɗiye raƙumi sukutum (Matiyu 23:24). Raƙumi da kafar allura (Markus 10:25). A nan ina da ƙorafi a kan masu wa'azi: akwai bayanin da ya yaɗu cewa wai wata 'yar ƙofa ce a Urushalima da ake kira Kafar Allura, raƙumi yana iya shiga in an sauke masa kaya ya durƙusa. Babu shaidar irin wannan ƙofa a zamanin Yesu, bayanin daga baya can ya ɓullo. Kuma yana ɓata maganar, domin almajirai sun firgita ne har suka ce to wa zai tsira, shi kuma ya ce ga mutane ba shi yiwuwa. Allurar tela ce, raƙumin kuma irin wanda ka sani.

Wanda ya fi cin matasa in an yi musu lissafi shi ne bawa mai bashi, Matiyu 18:23-35. Dinari ɗaya ladan yini ne. Talanti ɗaya dinari dubu shida. Mu ɗauka lebura yana samun sefa 2,000 a yini. Abin da abokinsa ya ci masa, dinari ɗari, ya zama sefa dubu ɗari biyu, kuɗin da za a iya biya. Nasa bashin kuwa talanti dubu goma, dinari miliyan 60 ke nan, sefa biliyan 120. In yana aiki kwana 300 a shekara bai ci ko anini ba, sai ya yi shekara dubu ɗari biyu. Rubuta wannan a allo, layi bayan layi, sannan a karanta abin da ya ce wa sarki: yi mini haƙuri, zan biya ka duka.

Ayyukan Manzanni kuma cike yake. Roda ta ji muryar Bitrus, murna ta sa ta ruga ciki ta bar shi a waje yana ta buga ƙofa, masu addu'ar a sake shi daga kurkuku kuma suka ce mata ta haukace (12:13-16). 'Ya'yan Siba bakwai, masu neman korar aljanu da sunan Yesu, da aljani ya ce musu ya san Yesu, ya san Bulus, su kuwa su wane ne (19:13-16). Aftikos da barci ya kwashe a taga don Bulus ya ja wa'azi har tsakar dare (20:7-12), wannan masu wa'azi ya kamata a karanta wa. Karin Magana kuma ba sai an faɗa ba: ragon da ya sa hannu a akushi ya kasa kai shi baki, yana juyi a gado kamar ƙyauren ƙofa (26:14-15), da mai gai da maƙwabci da babbar murya da asuba har gaisuwar ta zama zagi (27:14).

Lura da sunaye kafin ka rubuta shirin. Juyin Hausa na 1932 yana cewa Yunana, Yohanna, Misalai, na wajen 1980 kuma Yunusa, Yahaya, Karin Magana. Tsofaffi da yawa tsohon juyi ne a kansu. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, kada yara su yi ta laluben littafin da ba ya cikin nasu.

Fasto mai ritaya, Marwa

Ɗana, Malam ya ba ka kaya masu kyau, amma kada ka ɗauke su ka je ka tulle wa dattawa a gaba kamar ka ci nasara. Tsoronsu yana da tushe. Mai Hadishi 7:6 ya kwatanta dariyar wawa da ƙarar ƙaya a ƙarƙashin tukunya: ƙara mai yawa, wuta mai saurin mutuwa, tuwo bai dahu ba. Yesu ya ce kaiton masu dariya yanzu (Luka 6:25), ko da yake ayoyi huɗu kafin nan ya yi wa masu kuka alkawarin dariya. Babu kuma inda Linjila ta rubuta cewa ya yi dariya. An rubuta ya yi hawaye (Yahaya 11:35), an rubuta ya yi farin ciki matuƙa cikin Ruhu Mai Tsarki (Luka 10:21). Ka san waɗannan kafin a tambaye ka.

Game da Afisawa 5:4, karanta daga aya ta 3 zuwa ta 5 gaba ɗaya. Bulus yana maganar fasikanci da ƙazanta da kwaɗayi, a cikinsu ya sa zancen batsa da maganar wauta da alfasha. Wasan da ya hana shi ne mai saɓa wa kunya, irin na bakin tasha. Abin da ya sa a madadinsa kuwa godiya ce, bai ce ɗaure fuska ba. Bulus ɗin nan shi ne ya yi wasa da sunan Unisimas a wasiƙarsa ga Filimon, sunan da ke nufin mai amfani: dā ba shi da amfani a gare ka, yanzu yana da shi.

Ma'aunin da nake ba masu wa'azi shi ne su tambayi kansu: a kan wa dariyar za ta sauka? A Nassi tana sauka a kan mai girman kai, da munafuki, da rago, da gunki, da mu kanmu. Ba ta sauka a kan gurgu, ko makaho, ko bakarariya, ko baƙo. Wanda ya yi wa matalauci ba'a Mahaliccinsa ya zaga, in ji Karin Magana 17:5. Masu ba'ar da Linjila ta nuna mana a fili su ne sojojin da suka sa wa Ubangiji kambin ƙaya. Sai kuma habaici. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, jama'a ma sun sani. In a wasanku mai gungumen ya sa irin hular wani dattijo, ko ya kwaikwayi tafiyarsa, to ikkilisiya za ta shekara tana gyaran abin da kuka ɓata cikin minti biyar.

Yadda za ka tunkare su: kada ka tayar da maganar a taron kwamiti inda kowa zai kare matsayinsa. Je gidan kowannensu, kai da wani babba, mako biyu kafin ranar, da takarda ɗaya mai jerin ayoyin da sunayen masu yi. Ka ce su soke abin da bai kwanta musu ba. Roƙi ɗaya ya buɗe da addu'a, ɗayan ya karanta Zabura 126. In damuwarsu wurin ne, ku fitar da bencina ku yi a tsakar gidan majami'a ko ƙarƙashin rumfa, ku bar gaban bagade. Wannan ba faɗuwa ba ce. Kuma ka tabbatar musu da bakinka cewa Jibin Ubangiji, baftisma da labarin gicciye ba sa cikin abin da za a taɓa.

Labarin Iliya da annabawan Ba'al 450 (1 Sarakuna 18:27), inda ya ce su ƙara ɗaga murya ko allahnsu ya yi tafiya ne ko barci yake, gatse ne na gaske, amma ni da zan bar shi. Ƙarshensa kisa ne a rafin Kishon, kuma matashi yana iya ɗaukar salon ya je ya gwada a kan maƙwabcinsa Musulmi ko kakansa mai bin al'ada a kan dutse.

Tafinta, Kusuri

Baba Fasto da Malam sun gama da abin da za a faɗa, bari in yi maganar yadda zai isa kunne, don taro mai harshe uku wata matsala ce dabam. A nan bakin Logon da ƙetare a Njamena, Faransanci da Larabcin Cadi da Ngambai da Hausa sukan haɗu a sujada ɗaya, kuma raha ita ce abu na farko da ke mutuwa a hannun tafinta.

Ga abin da ke faruwa. Mai magana ya faɗi abin dariya da Faransanci, 'yan makaranta suka fashe. Tafinta ya fara juyawa, ƙarar dariya ta rufe muryarsa. Kafin a yi shiru mai magana ya wuce gaba. Masu jin Hausa da Fillanci, waɗanda yawanci su ne ba su yi boko mai nisa ba, suna zaune suna kallon wasu na dariya, har wani ya fara zargin ko da shi ake. Maimakon zumunci an raba ɗaki biyu.

Magani: a ba tafinta rubutun aƙalla kwana biyu kafin ranar, a ja layi a ƙarƙashin jimlar da ke ɗauke da dariyar. Ku gwada tare sau ɗaya da baki, ba a zuci ba. Jimloli su zama gajeru, kalma goma zuwa goma sha biyu. Kalmar da ke kawo dariya ta zo a ƙarshen jimla a kowane harshe, ko da za a sauya tsarin jimlar: "ya tace ƙwaro, ya haɗiye... raƙumi". In tafinta ya fara da raƙumi ya ƙare da bayani, ya zubar. A jimlar dariya kuma a juya tsari, harshen da aka saba barinsa a baya shi ya fara, Faransanci ya biyo. 'Yan makaranta galibi suna jin Fillanci ko Hausa, ba abin da suka rasa. Bayan haka mai magana ya ƙirga huɗu a ransa kafin ya ci gaba.

Wasa da kalma ba ya ƙetare harshe. Wasan da Yesu ya yi da sunan Bitrus da kalmar dutse yana fita da kansa a Faransanci don kalma ɗaya ce, a Hausa sai an bayyana, abin da aka bayyana kuma ya daina ban dariya. Irin wannan ku sa shi a darasi. Na taro ku ɗauki wanda ido ke gani: gungume, raƙumi, Roda da ƙofa.

Lokaci kuma. Abin da ke cin minti 10 da harshe ɗaya yana cin wajen 25 da uku. Don haka wasan kwaikwayon ya zama na nuni: 'yan wasa ba sa magana, mai karatu ɗaya a gefe yana karanta ayar, tafinta biyu suna bi. In za a yi amfani da makirufo, kowa da nasa, don miƙa shi daga hannu zuwa hannu yana cinye ɗan dakatawar da dariya ke bukata. A tanadi yadda za a yi in wuta ta ɗauke: a jera bencina rabin da'ira, layi huɗu kawai, murya za ta kai ba na'ura.

Mama Zumunta, Ngawundere

Ɗana, sannu. Ni ta wajen wasa da ciki zan shiga.

In guda ɗaya za ku yi mai tsawo, ku ɗauki Esta sura 6. Mutum shida sun isa: sarki, Haman, Mordekai, mai karanta wa sarki littafin tarihi, da yara biyu da za su zama doki a ƙarƙashin bargo. Sarki ya kasa barci, an karanta masa alherin da Mordekai ya yi ba a sāka masa ba. Haman ya yi sammako don ya roƙi izinin rataye Mordekai a gumagumai masu tsayin kamu hamsin, fiye da mita ashirin, da ya kafa a gidansa. Sarki ya tambaye shi me ya kamata a yi wa wanda sarki ke so ya ɗaukaka. Haman ya ɗauka shi ne, ya shiga lissafo alkyabbar sarki da dokin sarki da babban bafade mai shela a gaba. Mai yin Haman ya ja wannan wuri, yana shafa gemu yana gyara tsayuwa. Sai sarki ya ce maza ka yi wa Mordekai haka, kada ka rage ko ɗaya. Wanda ya taɓa ganin hawan Lamiɗo ya san mene ne zagi, mai tafiya a gaban dokin sarki. To babban waziri ne ya koma zagin maƙiyinsa, yana jan linzami yana shela da bakinsa. Minti 12 ya ishe shi. Ku tsaya daga inda ya koma gida da kai a lulluɓe. Sura 9 akwai kashe-kashe, ba ta wasa ba ce. Yahudawa har yau a bikin Furim sukan karanta littafin nan suna ta da hayaniya duk sanda aka ambaci sunan Haman, ku ma kuna iya ba yara caki su kaɗa.

Kayan wasa: gungumen kada ya zama katako na gaske. Mai shi zai riƙa juya kai, zai fasa wa wani goshi. A naɗe kwali ya yi tsawon mita ɗaya da rabi, ko a ɗaure karan dawa biyar, a ɗinka a jikin hula ta gefen ido. Ya riƙa bugun mutane da shi duk inda ya juya yana ba su haƙuri, yana nufin wanda ke da ɗan haki. Na raƙumi, yaran dokin nan su ƙara matashin kai a baya ya zama tozo, wani ya riƙe allurar ɗinki ta gaske sama, wani yana turawa ta baya.

Gwaji sau uku, na ƙarshe da kaya a jiki a wurin da za a yi. Abin da ya fi ɓata irin wannan wasa shi ne yaro ya ji an yi masa dariya sai daɗi ya kwashe shi, ya fara ƙara nasa, wasan minti biyar ya koma ashirin, ayar ta ɓace. Ku yi yarjejeniya tun a gwaji: in mai karatu ya rufe Littafi, an gama. Na biyu, muryar ƙabila. Majami'unmu akwai Tupuri da Mundang da Masa da Giziga da Mafa da Gbaya. Kada wawan wasa ya kwaikwayi Hausar wata ƙabila. Wasan Fulani da Barebari ko na taubasai yana da masu shi da ƙa'idarsa, in an hau da shi gaban jama'a ya tashi daga wasa.

Zafin Garwa a watan Maris da Afrilu yana haura digiri 40, saboda haka ku fara ƙarfe huɗu ku tashi biyar da rabi, 'yan mata su isa gida da sauran haske. Bayan kowane wasa a yi tambaya ɗaya tak, minti uku, misali: a wane wuri ne kai ma ka taɓa zama Haman? A raba tsakani da waƙa mai tulu da tafi, mata su yi guɗa. Kuma kada a sallami yara da baki busasshe. Nehemiya 8:10, inda aka ce farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinku, a cikin ayar ne aka ce su ci mai maiƙo su sha mai zaƙi su aika wa wanda ba shi da shi. Na mutum sittin: folere, wato zoɓo, lita 20 da sukari kilo biyu da ƙanƙara, ƙosai ko makala (fanke) uku-uku, wato ɗari da tamanin, a ƙara talatin a ƙulle wa marasa lafiya da tsofaffin da ba su zo ba.

Katekis, Mokolo

Ƙarin bayani kaɗan daga ɓangaren Katolika, ko zai taimaka wajen dattawa su ga abin ba sabo ba ne. Lahadi ta uku ta lokacin jiran Kirsimeti da ta huɗu ta Azumi an keɓe su don murna, har Fada yana iya sa riga mai launin hoda maimakon shunayya. Ta farkon daga Filibiyawa 4:4, inda aka ce "ku yi farin ciki", ta samo sunanta. A kudancin Jamus kuma an daɗe da al'adar da ake kira dariyar Ista, inda mai wa'azi kan sa jama'a dariya ranar tashin Almasihu, don an kunyata mutuwa. An riƙa taka mata birki daga baya saboda wasu sun wuce gona da iri, wanda shi ne gargaɗin Baba Fasto.

Abin da nake so a riƙe: a cikin matasa sittin ba za a rasa wanda ya baro ƙauyensa saboda Boko Haram ba, ko mai dangi a sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, ko wanda ya yi rashi kwanan nan. Kada mai jagora ya ce "kowa ya yi murmushi", kada kuma a koyar cewa mai baƙin ciki bangaskiyarsa ce ta yi rauni. Romawa 12:15 ta haɗa biyun, murna da masu murna, kuka da masu kuka. Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa, a garinsu ne kuma shi da Sila suka yi waƙa da tsakar dare, ƙafa a turu, baya duk bulala. A ware minti goma kafin a tashi don wannan, murya ƙasa, da addu'a ga waɗanda aka ambata. A sa babba ɗaya namiji da mace ɗaya a baya su lura da wanda ya tashi ya fita shiru.

Shugaban Matasa, Garwa

Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya sāka. Za mu bi ta gidajen dattawan kamar yadda Baba ya ce, kuma kwamiti ya karkata ga Esta da gungume da lissafin bashi. Saura abu ɗaya, Malam: yara suna son Yunusa sosai, har wani ya ce zai yi kifin da tabarma. Ya halatta wani ya fito a matsayin annabi, ko Yesu, ko muryar Allah? Majami'armu katanga ɗaya ce tsakaninta da gidajen Musulmi.

Tsohon Malamin Baibul, Kayele

Muryar Allah da maganar Yesu, mai karatu ya karanta su daga Littafi yadda suke, a tsaye a gefe, ba ƙari ba kwaikwayon murya. 'Yan wasa su nuna hoton da Yesu ya zana, mai gungume ko bawa mai bashi, ba shi kansa ba. Ta haka babu wanda zai ce an yi wasa da Ubangiji.

Yunusa kuwa, maƙwabtanku suna girmama shi a matsayin annabi, haka Ibrahim da Haruna, kuma ba su yarda a kwaikwayi annabi ba ko da cikin ladabi, balle a ji ana ƙyalƙyala dariya ana kiran sunansa ta lasifika. Ku bar tabarmar. Ku karanta shi kawai, lasifika a kashe ko a juya ta ciki. Littafin duka aya 48 ne, minti takwas zuwa goma da harshe ɗaya, kuma ba ya bukatar taimakon kowa. An ce ya tafi gabas ya shiga jirgin yamma. Matuƙa arna suna addu'a shi yana sharar barci a ƙasan jirgi. Wa'azinsa a Nineba kalma biyar ne a Ibrananci, gari duka ya tuba, har dabbobi aka sa wa tsummoki aka hana su kiwo. Shi kuma ya yi fushi don wa'azinsa ya ci, ya ce gara ya mutu, sannan ya sāke cewa gara ya mutu saboda tsutsa ta cinye 'yar inuwar da ta tsiro masa dare ɗaya.

Raba shi ga masu karatu huɗu, kowa sura ɗaya, ka ba wanda ya fi iya dakatawa sura ta 4. Aya ta ƙarshe tambaya ce daga Allah game da mutum fiye da dubu ɗari da ashirin da ba su san dama da hagu ba, da dabbobi masu yawa, kuma ba a rubuta amsar Yunusa ba. Mai karatu ya rufe Littafi a nan ya zauna. Kada mai jagora ya yi saurin tashi ya cike shirun, a bar shi ya kai rabin minti kafin a ɗauki waƙa.